Jar Akuya a Gonar Wuta

Akuyar ba tawa ba ce. Ta ƙawata ce, wata Bafulatana da ta yi shekaru tana kawo mana nono daga rugarsu da ke bayan garinmu, a kan hanyar Dogarawa. Tun ina goyon ɗiyata ta fari take sauke ƙwaryarta a tsakar gidana, ta sha ruwa, ta miƙe ƙafa, mu yi ta hira har inuwar katanga ta juya. Ni ba mai fita ba ce. Labarin duniya a bakin masu shigowa nake jin shi, kuma ita ta fi kowa kawo mini.

Shekarar da ciwo ya kashe mini awakina duka cikin mako guda, ta shigo ta tarar da turaku babu komai. Ta sha ruwa, ta tafi. Bayan kwana biyu sai ga ta tana jan wata jar akuya mai ɗan gemu, wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Ta ɗaure ta a turkena da hannunta, ta ce, "Habbanaye ce."

Mun san abin, don mun daɗe muna zaune da Fulani. Akan ba ki dabba ki riƙe, ta haihu sau biyu a hannunki, 'ya'yan naki ne, uwar kuma ki mayar wa mai ita. In ta mutu a wurinki ba a biya, ba a ma tambayar yadda aka yi. Wanda bai sani ba sai ya ce ai da sauƙi. Ni kuwa da ana biya da ya fi mini sauƙi. Ki tsaya gaban wadda ta yarda da ke, ta ce miki ba komai, kwananta ne ya ƙare, alhali kin san yunwa ce ta kashe ta a gidanki, wannan ban san inda mutum zai sa fuskarsa ba.

Haihuwar fari lafiya lau, ɗan bunsuru, shi muka yanka a sunan jikana. Ciki na biyu ne ya faɗo a mummunar shekara. Damina ta ɗauke da wuri, ƙawata ta bi shanunsu kudu tun ana cikin kaka, ta ce sai ruwan farko ya sauka za su dawo.

A wannan tsakanin ne aka gama gonar wuta. Haka muke kiranta. Wani makeken fili ne gabas da gari da aka kewaye da shingen waya, aka jera baƙaƙen farantan gilashi, waɗanda ake ce wa panno, sahu-sahu kamar kunyar albasa. A gefe guda akwai wasu fararen ɗakuna na ƙarfe cike da batir. Maigida ya ce mini su ne rumbun: da rana a zuba wuta a ciki, in rana ta faɗi a riƙa ɗiba. Ban je na gani ba, amma daga tsakar gida na san an gama. Injin niƙan unguwarmu mai tari da hayaƙi ya yi shiru, aka sa wani mai siririyar murya wanda ba ya cewa mai ya ƙare. Kukan gugar rijiya ya ragu, don an kafa shato, wato babban tankin ruwa a sama, ruwa na zuwa famfo, faɗan mata ma ya tashi daga bakin rijiya ya koma can. Surukata ta dawo daga gidan likita tana ba ni labarin firigo, akwatin sanyi, da allurar yara a ciki, ba sai an jira motar Malbaza ba. Har ƙanƙara na sa a fura, ni da tsufana, haƙorana suka yi ta zagina.

Amma akuya ba ta cin wuta. Harawar waken da na tara a kan rumfa ta ƙare tun tsakiyar rani. Dusa ta zama abin ɓoyo, ƙasari ma kowace mace ta riƙe nata. Daji ya zama kamar tafin hannu. Da bazara ta kama sosai, daga ƙofar ɗaki nake ganin haƙarƙarin akuyar, ciki ya rataye a ƙasa, ƙashin baya ya fito kamar tsinin sirdi. Ran da na kama ta tana tauna leda, na zura hannu har maƙogwaronta na jawo, na zauna a ƙasa ina kallonta tana kallona.

Ciyawa kuwa akwai ta, kowa ya san inda take. Tun da aka ja shingen ba bakin da ya taɓa cikin gonar wuta, ciyawar damina ta bushe a tsaye har gwiwa, kuma inda ruwan wankin gilashi ke ɗiga har kore-kore ake gani. Masu wurin suna tsoron gobara, sai suka shirya da kwamitin gari cewa tumaki su riƙa shiga suna ci, daga safe zuwa la'asar. Tumaki kawai. An ce akuya tana hawa, tana kuma cin abin da ba a ci. Ban musa ba, wannan akuyar ta taɓa cinye mini gefen zane a kan igiya. Sai dai a garinmu tumaki da raguna galibi na maza ne, awaki kuwa namu.

Wanda aka ba kiwon tumakin unguwarmu ƙanen maigida ne, magidanci da 'ya'yansa, amma tun ina amarya muke wasa da shi. Na aika aka kira shi, na ajiye masa fura mai ƙanƙara.

Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni. "Matarmu, in kin dama mini fura da sanyi, akwai magana a ƙasanta. Mi aka yi?"

"Sha tukuna."

"A'a, in ji farashin."

Na nuna masa akuyar. Ya daina dariya, ya je ya shafa bayanta, ya girgiza kai. Ya ce, "Wagga ba za ta kai ruwan farko ba." Na ce na sani, shi ya sa gobe za ta bi tumakinsa. Ya ce in ita makauniya ce, gardin ƙofa ba makaho ba ne, jar akuya cikin tumaki ai daga Ƙonni za a hango ta. Na ce ya bar mini wannan, shi dai ya biyo da safe.

Tumakinmu uda ne, gaba ja ko baƙi, baya fari, kamar an tsoma su cikin nono zuwa rabi. Ina da sauran farar ƙasa da na yi shafen ɗaki. Na kwaɓa ta da kauri, na shafe akuyar daga cibiya zuwa ƙafafun baya. Sai wutsiya ta tsaya mini, don ta akuya sama take kallo, ta tunkiya ƙasa. Na tufka farin tsumma, na ƙulla ƙwallon goruba a ƙarshensa don nauyi, na ɗaure mata. Kunnuwa kam ba yadda zan yi da su, na bar wa Allah.

Da ƙanen maigida ya shigo ya gan ta, sai da ya dafa turmi ya zauna don dariya.

"Saura ki koya mata kukan tunkiya!"

"Kai dai sa ta a tsakiya."

"In aka kama mu, ni ban san ki ba. Cewa zan yi wata tsohuwa ce ta yi mini asiri da fura."

Ya sa ta a tsakiya, suka tafi. Da la'asar ta dawo ciki dam, ta kwanta gindin turke tana tuƙa, ido a lumshe. Na daɗe ban ji sauti mai daɗin wannan tuƙar ba. Kashegari na sake shafe ta, haka rana ta uku. Maigida yana fita lambun albasa tun da asuba, bai ga kwalliyar ba, da yamma kuwa kafin ya dawo na wanke ta.

Rana ta huɗu ina tankaɗe da hantsi, sai na ji kofatai a lungu. Tumaki ne, na san tafiyarsu, amma ba lokacinsu ba ne. Na ajiye rariya na kasa kunne. Akuyar nan in ta doso gida tana kuka tun daga gindin kurnar masallaci. Ban ji ta ba.

Ƙanen maigida ya shigo babu sallamar wasa. Ya ce akuyar ta samu inda faranti ya yi ƙasa-ƙasa, ta ɗare sama, ciki da komai, tana taku a kan gilashi. Da ma'aikata suka koro ta, suka ga kuma ta ɗanɗana wata waya a baya. An ɗaure ta a bakin buro, wato ofishinsu, an kori tumakin gari kaf, an rufe ƙofa. An ce ba tunkiyar da za ta sake shiga sai mai akuya ya zo da ƙafarsa.

"Ka faɗi tawa ce?"

"Na ce a hanya ta shiga cikinsu ban lura ba. Suka ce to wa ya yi mata fenti a hanya?"

Da maigida ya dawo na gaya masa komai, don gara ya ji a bakina. Shi ba mai faɗa ba ne. Ya daɗe yana wanke ƙafa, sannan ya ce, "Amanar mutane kika shafa wa farar ƙasa?" Bai ƙara ba, ni kuma da ya zage ni da na fi samun abin riƙewa.

Garin duka ya san mai akuyar, amma ba wanda ya kai sunana. Sai dai kashegari mata suka yi ta shigowa aron abin da suke da shi a gidajensu. Wata gishiri, wata muciya, kowa idonta na kan turke. Maƙwabciyata ta katanga, wadda mijinta ke turkar raguna huɗu, ta leƙo ta ce, "Ina 'yar gidan? Ko an sa ta lakwal ne, ta tafi karatu?" Na yi dariyar dole. A bayan katangarta ina jin ragunan suna kuka, na san kukan yunwa, na kuma san saboda wa suke yin shi.

Maigida ya ce zai je a madadina. Na ce a'a, ba shi ya kwaɓa farar ƙasa ba. Na ɗauko hijabin unguwa, ya shiga gaba, na bi shi a baya. Rabon da in yi tafiya mai nisan wannan a ƙasa tun bikin ƙanwata.

Ashe labari bai kai gani ba. Gilashi iya ganin ido, rana na wasa a kai kamar tabki, a ƙarƙashi kuma inuwa mai sanyi da ciyawa. Kunnena ya fara kama wani gunji siriri daga fararen ɗakunan nan, kamar amya cike da zuma. Na yi sallama ga gardin ƙofa, wani dattijon Buzu mai rawani, sai kawai na ji kuka daga bakin buro. Akuyar ce, ta ji muryata. An ba ta ruwa, an zuba mata ciyawa, rabin fentin ya zube, tsumman na nan yana lilo.

Maigida ya shiga neman shef, wato shugaban wurin. Dattijon ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Tun ranar farko na gan ta. Na tsufa cikin dabbobi, ban taɓa ganin tunkiya mai gemu da goruba a wutsiya ba."

"To, Baba, mi ya hana ka kore ta?"

"Na ga haƙarƙarinta," in ji shi. Ya koma rumfarsa ya zauna kamar bai ce komai ba.

Na zaci shef wani ƙaton namiji ne. Sai ga wata matashiya, sa'ar ɗiyata ta biyu, da hular kwano a kan hijabi. Ta gaishe ni da ladabi, amma fuskar ba wasa. Ta ce, "Inna, ke ce mai ita?" Na ce ni ce mai laifin, amma ba ni ce mai ita ba. Na yi mata bayanin habbanaye tun daga farko, kun san ni da magana, har da ledar da na ciro. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in biyo ta.

Ta kai ni bayan wani faranti, ta nuna mini baƙar waya mai kaurin yatsa. Ga sawun haƙora nan a jere, fatar ta ɓantale, saura kamar kaurin farce.

"Kin ga nan? Da haƙorinta ya kai jan ƙarfen da ke ciki, gawarta za ki zo ɗauka. Mai yiwuwa kuma ciyawar nan ta kama, da tumakin mutane a ciki. Ba don muna ƙin awaki muka hana ba, Inna."

Na zauna a ƙasa. Duk kwanakin nan tsorona kada yunwa ta kashe ta, ashe ni na yi mata kwalliya na aika ta bakin mutuwa. Na ce, "Ɗiyata, ban sani ba." Ta ce, "Na san ba ki sani ba." Ta miƙo hannu ta tashe ni.

Muna komawa ne muka bi ta gefen ɗakunan batir, waɗanda ke da nasu shingen a cikin shinge. Na ga maza biyu suna yankan ciyawa suna lodawa a amalanke. Ciyawa mai kyau, har da gamba. Na tambaya gidan wa za a kai. Ta ce ba gidan kowa, nan tumaki ba sa shiga, haka bakin shinge duka, kuma busasshiyar ciyawa kusa da batir haɗari ce, don haka akan yanke a kai wani rami can nesa a ƙone.

Na manta ni ce mai laifi. Na tsaya cak.

"A ƙone? A bazara? Ɗiyata, ki yi mini duk hukuncin da za ki yi, amma wanga abu Allah ba ya so. Awakin garinmu kwali suke ci!"

Maigida ya yi gyaran murya a bayana, ban juya ba. Ta dube ni, ta dubi amalanken. Ta ce duk zaman da aka yi da kwamiti maganar tumaki aka kawo mata, ba wanda ya taɓa ambaton akuya sai a wajen hani. Na ce ai kwamitin ba mai akuya a cikinsu. Na ce mu ba shiga da dabba muke so ba, na ga abin da ya sa. A bar mu mu zo da laujenmu, mu yanka, mu ɗauka a ka. Su sun huta da ƙonawa, mu mun huta da kuka.

Ba ta ce to ba. Ta ce ba ita kaɗai ke yanke magana ba, in kwance akuyata in tafi, tumaki kuma suna nan a hane sai an zauna. Dattijon gardi ya taya ni cire gorubar.

Kwana biyar aka yi kafin zaman, kuma kwanakin nan ban ji daɗinsu ba. Maƙwabciyata ta daina leƙowa ko don tsokana. A ƙofar mai gari maigida ya tashi gaban mutane ya ba da haƙuri da sunan gidanmu, shi da ko kazarsa ba ta taɓa shiga gonar wani ba. Aka karɓe kiwon daga hannun ƙanensa har ƙarshen shekara. Wannan ya fi komai ci mini rai, don yana samun ɗan abin cefane a ciki. Da na je ba shi haƙuri ya ce, "Ba komai, matarmu. Fura dai kullum, da ƙanƙara, har damina." Haka kuwa aka yi, bai yafe mini ko rana ɗaya ba.

Aka buɗe wa tumaki ƙofa, sai dai yanzu ɗaya bayan ɗaya suke shiga, gardi na duba wutsiyar kowace. Mu kuma aka ba mu safiya biyu a mako, unguwa-unguwa. Ba a shiga da ashana, ba a shiga da goyo, ba a taɓa waya, kuma akwai ma'aikacin da ke tsaye a kanmu. Safiyar farko mata suka fito da lauje da igiya kamar za a yi girbi. Maƙwabciyata ce a gabana, ta juyo ta ce, "Ke, mai fenti, riƙe mini tulun nan in gyara zane." A nan na san ta huce.

Ni da ba na fita sai ga ni da ranakun fita. Nakan yi dami biyu, in ɗauko ɗaya, in koma in ɗauko ɗayan, bayana na ciwo, bakina bai huta ba. Akuyar ta fara cikowa. Gashinta ya kwanta, ya koma ja sosai. Wata safiya ina shara na ji ta yi wani kuka da ban saba ji ba, na yar da tsintsiya. Kafin rana ta take ta sauke biyu, duka mata.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo, ƙasa ta yi kore. Na yi ta sauraron lungu. Sai da 'ya'yan suka fara cin ciyawa da kansu, ran nan da hantsi na ji sallamar ƙawata. Ta rame, ta yi baƙi, tafiya ta ci ta. Ta sauke ƙwarya, ta sha ruwa, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, na tambayi shanu, ta ce sun bar wasu a hanya. Duk wannan ba ta dubi turke ba, irin kunyarsu. Sai ni na ce, "Tashi ki ga kayanki."

Ta je ta durƙusa, ta bi bayan akuyar da tafin hannu tun daga wuya har gindin wutsiya, ta taɓa hantsa, ta buɗe bakin ta duba. Ta daɗe a durƙushe. Sannan ta ce, "A wagga shekara?"

Na ce ta zauna, akwai abin da ya kamata ta ji kafin ta gode mini. Na fara ba ta labari, ban ɓoye wayar ba. Ban kai rabi ba ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Ta ce ta ji tun a mashayar Illela, an ce wata Bahausa ta mai da akuya tunkiya, amma ba ta san akuyarta ba ce.

"Da ta mutu fa?" na ce.

"Da kwananta ya ƙare."

"Na san haka za ki ce."

Na ɗauko sabuwar igiyar da maigida ya tufka don wannan rana, na ɗaura wa akuyar, na sa ƙarshen a hannunta. Akuyar ta turje a bakin zaure tana waiwayen 'ya'yanta, su kuma suka cika gida da kuka. Ban raka su ba. Na tsaya na riƙe ƙananan, ɗaya a kowane hannu, ina jin muryar ƙawata a lungu tana lallashinta da Fulatanci, har suka sha kwana.